Tukunyar Madugu

"Malama, ba a taɓawa."

Wannan ce maganar farko da Mu'az ya yi wa Mansura a duniya, kuma har yau in ta so tsokanarsa da ita take farawa.

Wata Asabar ce da la'asar, a ƙarshen daminar 2001. Mu'az yana kakkaɓe ƙura a Ɗakin Tarihin Zango, wani tsohon siton goro da ke bakin layin dogo a Agege. Yana juyowa sai ya ga budurwa ta tsugunna gaban ƙatuwar tukunyar ƙarfen da ke tsakiyar ɗakin, ta zura hannu har gwiwa tana shafa cikinta.

Ba ta cire hannun ba. Ta ɗago ta dube shi, dariya na neman ƙwace mata.

"In an taɓa me zai faru, oga?"

Shi malamin firamare ne, da yamma yake kula da ɗakin, ya kuma saba yi wa yara bayani. Sai ya gyara murya ya zuba mata karatun da ya haddace. Wannan tukunyar Madugu Na'Allah ce, ɗaya daga cikin fataken farko da goro ya kawo Agege. Duk baƙon da jirgi ya sauke a tasha ba shi da masauki, a cikinta ake dafa masa.

Ta ce, "Ka bar rabi."

"Wane rabi?"

"Dokarta. In aka hura mata wuta saboda baƙo, ba a ɗaga ta daga murhu sai baƙon ƙarshe ya kama hanyar gidansa. Akwai wani Bazabarme da ya karye a ƙafa, saboda shi kaɗai ta yi damina guda a kan wuta."

"Wa ya faɗa miki?"

"Kakata. Da ita aka yi girkin, tana amarya. Madugu kakan babana ne." Ta karkatar da kai. "Yanzu in ci gaba da taɓawa ko in bari?"

Malamin da ke tsawata wa aji guda ya yi tsuru-tsuru da tsumma a hannu. Daga ranar ya shiga uku, kuma da ƙafarsa ya shiga.

Babu abu ko ɗaya a ɗakin nan da aka saya, duk aro ne. Kowane tsohon gida a Zango, unguwar Hausawan Agege, ya kawo abin da kakansa ya bari. Akwai mangalar jaki da ƙararrawarta, da wuƙar wani tsohon sarkin fawa, da akushi, da butar tagulla, da sandunan madugai da hannu ya goge har suna sheƙi. Kuma saboda aro ne, Mu'az ya riga kowa a Agege sanin wanda zai gudu.

Tun da aka koma mulkin farar hula Legas ba ta zauna daidai ba. An yi rikicin ƙabilanci a Ketu, an yi a Ajegunle, kuma duk lokacin da aka yi sai mutanen Zango su kasa kunne su ji ko fitinar ta iso. Mutumin Zango kuwa ba ya buɗe baki ya ce zai tashi. Abin kunya ne wanda aka binne kakansa a nan ya ce tsoro ya kore shi. Sai dai ya zo ɗakin tarihi, ya yi doguwar gaisuwa, ya sosa ƙeya, sannan ya ce:

"Malam, ba ni sandar nan ta tsoho, zan kai a gyara."

Kafin mako ya zagayo sai a ga gidansa da kwaɗo.

Mu'az ba ya gardama. Yakan miƙa kayan da hannu biyu, in mai shi ya fita ya ɗauki alli ya zagaye gurbin. Da farko zanen ɗaya ne, biyu ne. Zuwa azumin shekarar nan bango guda ya koma farin zane zalla, har yaran makaranta suka daina son shiga, wai ɗakin yana kallonsu.

A cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne soyayyarsu ta tsiro. Ƙungiyar 'yan Zango ta sayi wayar salula, sabuwar yayi a lokacin, don a riƙa jin labari da wuri in wani abu ya tashi, aka damƙa wa Mu'az. Alhaji Ɗahiru, mahaifin Mansura, dillalin fatu ne a mayanka, shi ma ya sayi tasa, amma maɓallan suka gagare shi, sai Mansura ke riƙe masa. Wayoyin da aka saya don labarin tashin hankali, ga irin abin da suke ɗauka:

"'Yar Madugu, yau na goge tukunyarku har tana ƙyalli. Ta tambaye ni ina mai taɓa ta. Me zan ce mata?"

"Mai gadina, ce mata hana ni aka yi. Wani malami mai ɗaure fuska ne ya hana. Ka ci abinci kuwa? Kar ka yi min ƙarya, Iya ta ce ka rame."

Iya Hansai ke nan, kakarta, tsohuwar da ba ta gani sosai amma ba abin da ke wuce ta. In Mu'az ya zo zance ita ke fara tare shi a soro.

"Mijina, ni ka zo gani ko waccan mai ƙafa kamar sandar rake?"

"Ke mana, Iya. Ita rakiya take yi miki."

"Maƙaryaci. Shiga, tana can tana ta sake ɗaura ɗankwali tun azahar."

Wata rana suna zaune, jirgin yamma ya wuce ya girgiza soron, sai Mansura ta dube shi.

"Mai gadina, in kowa ya kwashe kayansa fa?"

"Sai in zauna gadin alli."

"Kai kaɗai?"

"In kin yarda, mu biyu."

Ta rufe fuska da mayafi. Ta yarda, ya kuma san ta yarda, sai dai tukunyar da 'yar duk a hannun mutum ɗaya suke.

Bayan ƙaramar sallah Alhaji Ɗahiru ya aika a kira shi. Mu'az ya cire takalmi ya durƙusa a gefen tabarma.

"Malam Mu'azu, ban san wani aibu a kanka ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ina ne garinku?"

"Agege, Baba."

"Ba inda aka haife ka nake tambaya ba. Garinku."

"A nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne shi. An ce kakana daga wajen Damagaram ya fito, amma babu wanda ya riƙe sunan ƙauyen."

Alhaji ya jinjina kai. "To ka ji. Ni da hannuna na ɗauko gawar ƙanena daga kasuwar Ketu. Tumatir kawai ya je saukewa. Tun ranar na fara gini a Funtuwa, in ta ɓaci ina da ƙofar da zan buga. Kai in ta ɓaci ina za ka kai min 'ya? Cikin siton goro?"

Mu'az ya sunkuyar da kai. Ba za ka yi wa mutumin da ya ɗauko gawar ƙanensa lacca a kan tarihi ba.

Ga kuma Sale. Sale mai tirela ne, yana kawo shanu daga Arewa, ya koma da kayan masu tashi. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci, sai dai tsoron mutane ya yi masa rana, kuma bai taɓa kawo labari mai daɗi ba. Kullum ya ji an ce an ga wasu suna wasa adda a Mushin, ko an ce wannan karon da Agege za a fara. Yana da gida mai bene a Funtuwa, yana kuma yawan kawo wa Alhaji gaisuwa da buhun gero. Kowa ya gane inda gaisuwar ta dosa.

Duk da haka, kullum Mu'az ya buɗe ɗakin da tukunya yake fara haɗa ido. In tana nan, Mansura na nan.

Wata Alhamis a watan Janairu ya ji tirela ta tsaya a ƙofa. Alhaji bai iya zuwa da kansa ba, jikan Madugu guda. 'Yarsa ya turo. Ta shigo kanta a sunkuye, Sale na biye da ita da 'yan dako huɗu.

"Malam," in ji ta, "Baba ya ce a ba da tukunya. Za a kai a gyara."

Ta ɗago ido ta dube shi. Roƙonsa take ya ƙi, ya yi faɗa, ya tare ƙofa, ya yi wani abu dai. Shi kuwa murmushin Sale kaɗai yake gani a bayanta.

Ya ce, "To."

Har da kama musu gefe ɗaya suka fitar da tukunyar. Tun ba ta bar ƙofar ba ya durƙusa ya zagaye gurbin da alli, ƙarar allin a kan siminti ta bi Mansura har cikin mota.

Da yamma saƙo ya shigo:

"Ko kalma ɗaya ba ka ce ba. Har taya su ɗauka ka yi. Ashe da ni da sandar tsoho duk ɗaya ne a wajenka, a miƙa a zagaye da alli."

Ya mayar mata:

"Da bakinki kika faɗa, Sale na tsaye a bayanki. Kayan aro ne, mai shi ya aiko. Allah Ya ba ku zaman lafiya a Funtuwa."

Daga nan wayoyin suka yi shiru. Ita ta sha kuka a ɗakin Iya, shi ya kasa cin abinci, kowannensu kuma yana ganin shi aka yi wa laifi.

Ranar Lahadi aka gama lodi. Tirela na tsaye a ƙofar gida, an ɗaure tukunya a can sama a kan katifu, da asubar Litinin za a tashi. Alhaji da Sale suka tafi Ogba sallamar wani aboki.

La'asar ta yi sanyi ke nan sai aka ji wata ƙara da ba a taɓa jin irinta ba. Ƙasa ta motsa. Gilasan tagogi suka zube, tantabarun masallaci suka tashi gaba ɗaya. Kafin a ce mene ne, wata ta sake tashi, sai wata, sai wata. Sararin sama ta wajen Ikeja ya yi ja.

"An fara! An fara!"

Wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi ne. Mata na kiran 'ya'yansu, ana ta buga ƙofofin shaguna. Samarin mayanka suka fito da abin da ke hannunsu suka ja daga a bakin layin dogo, don kuwa ga taron mutane can baƙi ƙirin ya doso Zango a guje. Ranar da aka daɗe ana jira ke nan, a ganinsu.

Mu'az ya kutsa ya wuce gabansu. Ya tsaya a tsakiyar layin ya ƙura ido. Na farkon da ya gani mace ce ba takalmi, da jariri a hannu. Na biyu dattijo ne ɗaure da tawul, kumfar sabulu a kansa.

Ya juyo ya ɗaga hannu biyu. "Ku ajiye! Don Allah ku ajiye! Ba faɗa suka zo ba, gudu suke!"

Ya juya ga masu gudun ya yi musu magana da Yarbanci, ya ce su biyo shi. Ya buɗe ɗakin tarihi. Ɗakin da tsoro ya kwashe wa kaya ya zama yana da fili, mutane suka zazzauna a kan zanen alli, Yarbawa da Inyamurai da waɗanda ba a ma san yarensu ba. Da ya cika aka buɗe makaranta, aka buɗe soraye. Zuwa magariba ƙarar ba ta daina ba, ga yara sun fara kukan yunwa.

Mansura na tsaye a ƙofar gida tana kallon saman tirela. Iya Hansai ta dogaro sandarta ta tsaya kusa da ita.

"Me kike kallo? Madugu bai taɓa tambayar baƙo yarensa ba."

Samarin da suka ajiye wuƙaƙe su suka hau suka kwance igiya. Aka kafa duwatsu uku a gaban ɗakin tarihi, aka farke buhun shinkafar da aka yi guzurin Funtuwa da shi. Mansura ta durƙusa da ashana. Iya ta riƙe mata hannu.

"Kin dai san dokarta."

"Na sani, Iya."

Ta ƙyasta. Ta cikin hayaƙin ta hango Mu'az ɗauke da bokitin ruwa, ya tsaya cak yana kallonta.

Alhaji ya iso a ƙafa, hularsa a hannu, ya tarar da tukunyar kakansa tana tafasa.

"Wa ya hura wutar nan?"

"Ni ce, Baba."

Ya dubi mahaifiyarsa. Iya ta ci gaba da tsince albasa kamar ba ta ji shi ba. Can sai ya naɗe hannun rigarsa ya ce a miƙo masa faranti.

Washegari aka san gaskiya. Ma'ajiyar makamai ce ta kama da wuta a barikin Ikeja, kuma da yawa cikin waɗanda suka gudu ta wani ɓangaren ruwa ya ci su. Legas ta cika da masu neman 'yan'uwansu. Kullum sai an zo Zango an rungume wani an tafi da shi ana kuka, har ɗakin ya koma wayam.

Sai mutum ɗaya ta rage. Wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba, da rigarta rawaya da takalmi ƙafa ɗaya. Ba ta san komai ba sai sunanta, Kemi. Ta kama zanin Mansura ta ƙi saki.

Sale ya gaji da jira. "Alhaji, yarinya ɗaya ce fa. A miƙa ta ga hukuma mu kama hanya. Wallahi abin da nake ji a gari ba shi da daɗi."

Iya ta ce, "Ɗahiru, in za ka ɗaga tukunyar nan, ka fara kai ni kabarin ubanka ka yi masa bayani."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya. "Shi ke nan. Ranar da yarinyar nan ta koma gidansu, washegari za mu tashi. Ba ƙari, ba ragi."

Sale ya sauke kayansu, ya ɗauki na wani gidan, ya ce zai dawo. Kuma wannan karon labarinsa bai yi ƙarya ba. Mako bai cika ba rikici ya ɓarke a Idi-Araba. Zango ya sake ɗaukar shiru, aka zo aka karɓi butar tagulla da ƙararrawar jaki, duk za a kai gyara.

A ranar wayar Mu'az ta yi ƙara.

"Mai gadina, ka yafe min. Na ga yadda ka tsaya gaban mutane ranar Lahadi, ni ce ban fahimce ka ba. Ka ji abin da Baba ya ce? Muddin Kemi na nan, ina nan. Ban ce ka yi komai ba. Cewa na yi kar ka yi sauri."

Ya karanta ya sake karantawa. Abin da ta nema ba shi da wuya, zama kawai zai yi. Wa zai zarge shi in bai fita ba a irin wannan makon? Sai ya rubuta:

"'Yar Madugu, ni ne mai neman gafara. Wallahi na fi ki son ta daɗe. Amma akwai wata mata a garin nan da ba ta san ko 'yarta na raye ba. Zan neme ta. Ina sonki, kuma ba na so in same ki da kukan yarinyar nan."

Ya sa mai hoto ya ɗauki Kemi. Kullum in an tashi daga makaranta sai ya hau danfo, motar hayar Legas, ya sauka ya hau acaɓa, asibiti zuwa coci, coci zuwa masallaci, Oshodi, Mafoluku, duk inda aka ce ana cigiyar yara. A wata tasha wasu samari suka tare shi saboda hularsa. Ya gaishe su da Yarbancin da ya tashi da shi, ya nuna musu hoton. Babbansu ya dubi hoton, ya dube shi, ya matsa masa hanya. Kullum yana dawowa hannu rabbana, Mansura ta ji daɗi, sannan ta ji kunyar jin daɗin.

Wata safiya tana wanke shinkafa sai ta ga Kemi ta ɗora murfin kwano a ka tana zagaya tsakar gida tana rera, "E ra eko o! Eko gbigbona!" Kiran masu tallan agidi ne, har da yadda suke jan ƙarshensa. Yaro ba ya koyon wannan sai a gindin uwarsa.

Mansura ta tsaya da hannu a cikin ruwa. Ba wanda ya gani sai ita. In ta yi shiru, shi ke nan.

Ta share hannu ta ɗauki waya, hawaye na ɗiga a kan maɓallan.

"Uwarta agidi take sayarwa. Ka daina bin asibiti, ka bi masu agidi. Allah Ya tsare min kai."

A Shogunle ya same ta. Masu agidin bakin tasha suka karɓi hoton suna miƙa wa juna, sai ɗaya ta ƙwalla ƙara ta ja shi da gudu cikin wani lungu. Uwar Kemi na kwance a tabarma da ƙafa a ɗaure, an tattake ta ranar gudun, ta riga ta karɓi gaisuwar mutuwar 'yarta.

Da yamma danfo ta tsaya a gaban ɗakin tarihi. Kemi ta saki zanin Mansura a karo na farko ta ruga. Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa, har mahautan da ke yanka sa ba su ƙifta ido ba sai da suka juya baya suna share fuska. Matar ta ja jiki ta kama ƙafar Alhaji tana ta addu'a. Iya ta ce ba za su tafi ba sai sun ci, aka zuba musu daga tukunyar, suka ci, suka kama hanyar gida.

Baƙon ƙarshe ya tafi. Mansura ta janye itacen da kanta ta yayyafa musu ruwa. A bakin titi tirelar Sale na tsaye, tun jiya ya dawo.

Alhaji ya dubi tukunyar ya ce, "A wanke ta."

Da sassafe Mu'az ya buɗe ɗakin. Ƙafafun baƙi sun goge zanen tsakiya, sai ya durƙusa yana sake shi, don ya rasa abin da zai yi da hannunsa. Ya ji injin tirela ya tashi. Bai ɗago ba. Can sai ya ji nishin mutane a ƙofa.

'Yan dako ne uku, na huɗunsu Alhaji Ɗahiru da kansa, babbar rigarsa duk baƙin tukunya. Suka shigo da ita a hankali suka dire ta a tsakiyar zanen.

Alhaji ya miƙe yana haki. "Malam, ga ajiyarka. An gyara."

Mu'az ya ɗago ya dube shi.

"Ka ji abin da na ce da kunnenka, ka san abin da za ka rasa, ka fita duk da haka. Na tambaye ka garinku, ka ce Agege, na raina amsar. Wanda ya san ƙofar da zai kai 'yar wani a irin wannan makon, ya san inda zai kai tawa." Ya share gumi. "Tsoron bai tafi ba, kar ka ɗauka ya tafi. Ni ma dai ban tafi ba. Ka turo manyanka."

A bayansa, a bakin ƙofa, wata mai mayafi ruwan toka ta toshe baki da hannu biyu tana kuka tana dariya.

Bayan babbar sallah aka ɗaura auren. Iya ce ta zo karɓar tukunya, Mu'az ya tare ƙofa.

"Iya, gyara za a kai ta?"

"Gidanku! Biki za a kai ta. Matsa min, mijin da ya yi min saki ba takarda."

Sale ya aiko da rago daga Funtuwa, an ce masa madalla. Maman Kemi ta zo tana ɗingishi da tire biyu na agidi, Kemi ta zauna a cinyar amarya ta ƙi sauka. Ba duk zanen allin ne ya cike ba. Ƙararrawar jaki ta dawo, butar tagulla har yau shiru, kuma in an ji ƙara mai ƙarfi a Zango mutane kan dakata da magana.

Da aka zo tafiya da amarya, Iya ta haɗa hannuwansu a cikin nata.

"Allah Ya zaunar da ku a inda kuke. Allah Ya sa gidanku ya zama inda mai gudu zai tsaya. Allah Ya ba ku 'ya'yan da in an tambaye su garinsu ba za su sunkuyar da kai ba."

Aka amsa da amin har waje.

Ranar da aka mayar da tukunya, Mansura ta bi mijinta ɗakin. Ta tsugunna, ta miƙa hannu, sai ta tsaya ta dube shi ta gefen ido.

"Oga, ba a taɓawa?"

Ya durƙusa kusa da ita, ya kama hannun ya ɗora a bakin tukunyar.

"Taɓa, 'Yar Madugu. Da ita da mai gadin duk naki ne."